Alherin wanda bai san ka ba

Da zarar lokacin hutu ya kama, sai shafukan sada zumunta su cika da hotunan waɗanda Allah ya hore wa halin fita waje: wannan a gaban hasumiyar Eiffel, wancan a gindin Burj Khalifa, wata kuma a cikin jirgin ruwa a mashigin Bosphorus. Ba na ganin laifin kowa, domin wanda ya tara kuɗinsa ya je ya ga duniya yana da damar nuna inda ya taka. Sai dai na daɗe da lura cewa idan aka kwana biyu, ka zauna da mai hoton ka ce ya ba ka labarin tafiyar, ba ya daɗewa a kan hasumiya. Zai ce doguwa ce, kuma an sha layi, shi ke nan. Inda bakinsa yake buɗewa shi ne labarin direban bas da ya sauka daga mazauninsa ya nuna masa hanya, ko tsohuwar da ta ga ruwan sama ya tare shi da 'ya'yansa ta yafito su cikin shagonta. A ganina wannan shi ne mafi darajar abin da matafiyi yake dawowa da shi, kuma babu kamfanin shirya tafiya da zai iya rubuta masa shi a takardar yarjejeniya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2024 an yi tafiye-tafiyen buɗe ido tsakanin ƙasashe kimanin biliyan 1.4, kuma da yawa daga cikin matafiyan wurare ɗaya suka nufa, suka tsaya a kusurwa ɗaya, suka ɗauki hoto iri ɗaya. Gini na kowa ne. Shi kuwa alherin da aka yi maka naka ne kai kaɗai, kuma ya same ka a lokacin da ba ka da ƙarfin da ka saba da shi. An ce baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban injin sayar da tikiti da aka rubuta da haruffan da bai iya karantawa ba ya san gaskiyar maganar. Mutumin da ake miƙe wa idan ya shiga ofis a garinsu, a can sai yaro ɗan makaranta ya danna masa maɓalli. Shari'ar Musulunci ta gane wannan rauni tun da daɗewa, shi ya sa aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sanya ɗan hanya cikin mutum takwas da ake ba zakka, malamai kuma suka bayyana cewa ana ba shi ko da mai dukiya ne a ƙasarsu, muddin guzurinsa ya yanke a inda yake. Dukiyar da aka bari a gida ba ta fitar da mutum kunya a tashar jirgin ƙasa da tsakar dare.

Matafiyan da suka riga mu da wannan suka dogara, ba su da wani abin dogaro bayan Allah. Ibn Batuta ya bar garin Tanja na Maroko a shekarar 1325 yana ɗan shekara 21, ya yi kusan shekara talatin yana yawo, kuma mafi yawan kwanansa a hannun mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba ya yi shi. Ya ba da labarin shigarsa garin Ladik, wanda ake kira Denizli a Turkiyya ta yau, inda wasu mutane suka fito daga shagunansu suka riƙe linzamin dawakinsu, wasu kuma suka taso suka yi musu gardama har aka zare wuƙaƙe. Shi da abokan tafiyarsa suka ɗauka 'yan fashi ne, sai da aka sami mai jin Larabci ya bayyana musu cewa ƙungiyoyin samari biyu ne suke faɗa a kan wanda zai sauke baƙin, kuma da ƙuri'a aka raba rigimar. A ƙasar dai har yanzu ana iya ziyartar Sultan Han, masaukin fatake da aka gina a 1229 a kan hanyar Konya zuwa Aksaray, irin masaukan da matafiyi kan kwana uku a ciki ba tare da an karɓi ko sisinsa ba.

Ni ma a Turkiyyar na ga nawa rabon, a Istanbul, a tashar jiragen ruwa ta Uskudar da ke ɓangaren Asiya. Dare ya yi, wayata ta mutu, kuɗin katin shiga jirgi ya ƙare, injin da ake zuba wa kati kuɗi kuma ya ƙi karɓar takardar da ke hannuna, yana haɗiye ta yana tofo ta. Jirgi yana ta busa, mutane suna wuce ni da sauri. Sai wata mata mai kimanin shekarun mahaifiyata, riƙe da jakar cefane a hannu ɗaya, ta tsaya ta dube ni, ta ɗora katinta a kan ƙofar shiga, ta yi mini nuni da haɓa cewa in wuce, sannan ta sake ɗorawa ta shigo. Na miƙa mata kuɗin, ta tura hannuna baya ta dafa ƙirjinta, fuskarta ba yabo ba fallasa, ta tafi ta zauna can nesa. Da muka sauka a ɗaya gaɓar na nuna wa wani dattijo mai sayar da jarida katin masaukina, shi kuwa maimakon ya yi mini kwatance da hannu, sai ya kira maƙwabcinsa ya bar masa tsaron teburin, ya shige gaba ina bin sa, muka haura wani tudu yana haki, har ya ga na tura ƙofar masaukin sannan ya juya. Tsakanina da su biyun babu kalma biyar da muka fahimta daga juna.

Wani zai ce ai wannan ƙaramin abu ne, kuɗin jirgin ruwa nawa yake. To a duba abin da ya faru a Gander, wani ƙaramin gari a tsibirin Newfoundland na Kanada, ranar 11 ga Satumba 2001. Da aka kai hare-hare Amurka ta rufe sararin samaniyarta, jirage 38 da ke tsallaka tekun Atlantika suka sauka a filin jirgin garin ɗauke da mutum sama da 6,500, alhali mazauna garin gaba ɗaya ba su wuce 10,000 ba. Ba a bar fasinjojin sun ɗauki manyan akwatunansu ba, saboda haka da kayan jikinsu kawai suka sauko. Direbobin motocin makaranta suna cikin yajin aiki a lokacin, suka ajiye yajin suka fito jigilar baƙi. Aka mai da makarantu da majami'u da ɗakunan taro wuraren kwana, aka mai da filin wasan ƙanƙara na garin ma'ajiyar abinci, masu shagon magani suka riƙa haɗa wa marasa lafiya magungunansu kyauta, magidanta kuma suka riƙa ɗaukar mutane zuwa gidajensu su yi wanka su huta. Haka aka yi har kusan kwana biyar. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ranar da hakan ya faru, domin rana ce da kowa yake tsoron baƙo, kuma babu wanda zai iya rantsuwa a lokacin cewa babu mugu a cikin waɗancan jiragen.

Ga wanda labari ba ya gamsar da shi sai ya ga lissafi, akwai binciken da mujallar Science ta wallafa a 2019. Masu binciken sun kai walat sama da 17,000 a birane 355 na ƙasashe 40, suna miƙa wa ma'aikatan bankuna da otal-otal da gidajen waya da ofisoshin gwamnati a matsayin tsintuwa, kowane walat da katin mai shi a ciki. Wanda babu kuɗi a cikinsa, kashi 40 cikin ɗari aka nemi mai shi. Wanda aka sa wa kimanin dala 13, kashi 51. A ƙasashe uku da aka gwada da dala 94 kuwa, Amurka da Birtaniya da Poland, adadin ya kai kashi 72. Wato yawan kuɗin ƙara wa mutane riƙon amana ya yi, akasin abin da masana tattalin arzikin da aka tambaya suka yi hasashe. Akwai tazara babba tsakanin ƙasa da ƙasa, ba na musun wannan, amma a 38 daga cikin 40 ɗin an ga wannan hali. A Tokyo kuwa, tsabar kuɗin tsintuwa da mutane suka kai wa 'yan sanda a 2022 ya kusa yen biliyan 4, kuma wajen kashi uku cikin huɗu ya koma hannun masu shi.

Ba ina cewa a saki jiki da duk wanda ya yi murmushi ba. Akwai masu cin abinci da kamannin alheri, kuma sun fi yawa a daidai wuraren da masu buɗe ido suke taruwa. A Bankok wani zai tare ka cikin ladabi ya ce fadar sarki a rufe take yau, amma yana da mai keke da zai zaga da kai, ƙarshen zagayen kuwa shagon duwatsun ado ne. A Paris, a matakalar cocin Sacré-Cœur, sai a ɗaura maka zare a wuyan hannu a ce kyauta ce, kafin ka ankara an fara neman kuɗi. A Istanbul ɗin da na yaba ma akwai mai goge takalmi da yake yar da buroshinsa da gangan, idan ka tsinta masa ya ce sai ya goge maka naka don godiya, sannan ya yanka maka farashi. Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: wa ya fara neman wani, kuma ina maganar ta nufa? Mai taimakon gaskiya yawanci yana kan sabgarsa ne ka katse shi, ko ya ga wahalarka da idonsa, kuma burinsa ya kai ka inda kai kake son zuwa ya koma harkarsa. Wanda ya baro nasa aikin ya nufo ka da Turanci mai santsi, yana son kai ka inda shi ya zaɓa, wannan a gode masa a wuce.

Abin da nake jin tsoro fiye da 'yan damfara shi ne yadda muka daina tambaya. Taswira tana waya, tafinta yana waya, motar haya tana waya, har mutum zai iya kwana bakwai a ƙasar mutane bai yi magana da ɗan ƙasar ba sai mai karɓar baƙi a otal, wanda albashi ake biyansa don ya yi fara'a. Babu mai ƙin sauƙi, ni ma ba na fita ba tare da taswirar ba. Amma matambayi ba ya ɓata, kuma ba hanya kaɗai yake samu ba. Wanda ya tsara tafiyarsa ta yadda ba zai taɓa bukatar kowa ba, ya dawo ya ce mutanen ƙasar ba su da sakin fuska, bai yi musu adalci ba, domin bai ba su ƙofar da za su shigo ba.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci da masu irin wannan rubutu kan tsallake. Ba kowane baƙo ake tarba da fuska ɗaya ba. Launin fata yana aiki, fasfo yana aiki, tufafi ma yana aiki, kuma baƙar fata da ya yi yawo ya san akwai garin da za a tsaya a taimake shi, akwai wanda za a ƙanƙame jaka idan ya matso yin tambaya. Mai yawon buɗe ido yana samun fara'ar da lebura ɗan ci-rani ko ɗan gudun hijira ba ya samu a titi ɗaya, saboda an san shi kuɗi ya kawo kuma gobe zai tafi. Su ma masu masaukin suna gajiya. A watan Yulin 2024 mazauna Barcelona sun yi zanga-zanga har wasu suka riƙa fesa wa masu buɗe ido ruwa da bindigar wasan yara, saboda tsadar haya da cunkoso sun ishe su, birnin Venice kuma ya fara karɓar yuro 5 a wasu ranaku daga masu shigowa yini ɗaya a watan Afrilun shekarar. Duk wanda aka yi wa alheri a irin waɗannan wurare ya sani cewa ba bashi aka biya shi ba. Shi ya sa raina yake ɓaci idan na ga wanda talaka ya taimaka masa ya juya ya saita masa kyamara a fuska ba tare da izini ba, ya mai da mutuncin bawan Allah abin neman mabiya.

Sai batun sakayya, wanda yake bukatar lura, domin abin da yake godiya a wata ƙasa cin fuska ne a wata. A Iran direban tasi zai iya cewa ka bar kuɗinka, amma ladabi ne kawai, ana sa ran ka nace har ya karɓa. A Japan doka ta ba wanda ya tsinci kaya damar karɓar tukuici tsakanin kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari na darajarsu, ko da yake da yawa kan yafe. Mutanen Newfoundland kuwa sun ƙi karɓar komai daga baƙinsu, don haka fasinjojin wani jirgin kamfanin Delta, waɗanda aka ba masauki a garin Lewisporte, kusa da Gander, suka yi shawara a cikin jirgi a hanyarsu ta komawa, suka yi karo-karo suka kafa asusun tallafin karatu ga ɗaliban sakandaren garin, kuma shekara da shekaru ana biya wa 'ya'yan waɗanda suka sauke su kuɗin makaranta daga wannan asusu.