Kwamfutar da Ta Ƙi Jinin Sa'adatu

Shugaban makarantar Islamiyyar unguwarmu, wanda ya ɗora ni a kan karatu tun ina ƙarami, ya aiko a kira ni ana dab da fara sabon zango, saboda labari ya kai masa cewa ina rubuta manhajojin kwamfuta. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya haɗa musu manhajar rajistar yara da harshen PHP, ya ajiye bayanan a rumbun MySQL, sannan ya tafi bautar ƙasa, wayarsa kuma ta daina shiga.

"Injiniya," in ji Malam, "na'urar nan tana zaɓen yara. Tana karɓar Musa da Hadiza hannu biyu-biyu, amma da an rubuta Sa'adatu sai ta yi ja, ta watso mana Turanci."

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ƙaramin aiki ne." Kafin in kai ga Sa'adatu, sai da rumbun ya tsare ni a ƙofa. Ba a shiga MySQL sai an gabatar da adireshin sabar, wato kwamfutar da rumbun yake ciki, da lambar mashiga, wadda 3306 ce idan ba a sauya ta ba, da sunan mai shiga da kalmar sirri. Duk kalmar da na gwada, lambar kuskure 1045 take jawo mini, wato an hana ni shiga. Ina ta share gumi sai magatakarda ya kife allon madannai, ga kalmar nan a rubuce da biro, an liƙe ta da salatif. Ya ce ai kowa a ofishin ya santa, har mai shara.

A wannan lokaci magana ta riga ta zaga unguwa. Iyaye mata sun lura cewa Mu'azu da Asma'u da Isma'il da Rabi'u duk an ƙi su, har wata ta zo ta tambayi Malam ko dai a yi wa kwamfutar tofi. Laifin yaran kuwa ɗaya ne: hamzar da ke cikin sunayensu. A harshen SQL, wanda da shi ake ba rumbun umarni, wannan alama ce take buɗe rubutu kuma ita take rufe shi, shi kuma mutumin namu ya riƙa manna sunan yaro kai tsaye cikin umarnin da yake aika wa rumbun. Idan MySQL ya karanta Sa, ya ci karo da hamza, sai ya ɗauka sunan ya ƙare, ragowar adatu kuma ya nemi ya fahimce ta a matsayin umarni, ya kasa, ya jefo kuskure 1064. Ta wannan kafa ce ɓarayin intanet suke cusa nasu umarnin su kwashe ko su goge teburi sukutum, wato jadawalin da rumbu yake jera bayanai a ciki, amma na ga bai dace in faɗa wa dattijo mai hawan jini wannan ba.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. Na sake rubuta wurin da PDO, wata hanya da PHP yake magana da rumbu, inda ake fara aika umarnin da alamar tambaya a gurbin suna, sannan a aika sunan daban, ta yadda rumbun ba zai taɓa ɗaukar sa a matsayin umarni ba. Sa'adatu ta shiga lafiya, Mu'azu ya bi ta, na miƙe ina gyara hula.

Malam, wanda yake tsaye a bayana, ya nuna alamomin tambayar da na rubuta, ya ce, "Ashe kai ma kana sa su? Ai muna da su da yawa." Ya jawo takardun sakamakon bara, sai ga Ɗanladi ya koma ?anladi, masu zama a Ƙofar Mata kuma duk an mayar da su ?ofar Mata. Teburin an gina shi ne da tsarin haruffa na latin1, wanda MySQL yake zaɓa da kansa kafin fitowar sigar 8.0 a 2018, kuma babu ƙ da ɗ da ɓ a cikinsa. Na mayar da teburin tsarin utf8mb4, wanda yake ɗauke da waɗannan haruffa, amma harafin da rumbu ya riga ya haɗiye ba ya dawowa, domin alamar tambayar ce kaɗai aka adana.

Haka na wuni a kan benci da tsohuwar rajistar takarda, magatakarda yana karanto sunaye ina gyarawa, Malam kuma ya biya ni da addu'a da ƙullin goro. Shi kuwa Ɗanladi gyaran ya zo masa a makare, domin 'yan ajinsu sun daɗe da ganin takardarsa, kuma har yau Tambaya suke kiran sa.