Sunan Bindiga a Kan Jariri

A kowace shekara hukumar Social Security ta Amurka tana fitar da jerin sunayen da aka raɗa wa jarirai a ƙasar, kuma duk sunan da aka sa wa aƙalla yara biyar yana shiga kundin. Masu bibiyar jerin sun lura da yadda sunayen makamai ke ƙara samun karɓuwa, kamar Gunner, wato maharbin bindiga, da Cannon, wato igwa, da Colt da Remington da Wesson da Ruger, waɗanda aka san su da kamfanonin ƙera bindigogi. Remington ya shiga sahun sunaye 1,000 da aka fi sa wa yara, maza da mata, a can ƙasan kundin kuma akwai irin su Trigger, wato kunamar bindiga.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Remington sunan zuriya ne daga Ingila tun kafin a kafa kamfanin a 1816, kuma a karkarar Amurka bindiga kayan farauta ce da ɗa ke gada a wajen uba. Haka nan suna ba ya mai da yaro ɗan ta'adda, domin tarbiyya da muhalli ne ke gina hali.

Duk da haka ina ganin iyayen sun yi kuskure, kuma kuskuren yana cikin abin da suka ɗauka a matsayin jarumta. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa akwai bindigogi kimanin miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, adadin da ya zarce yawan mutanen ƙasar, sannan a 2020 harbin bindiga ya zama abin da ya fi kashe yara da matasa a can, har ya sha gaban haɗarin mota. A Disambar 2012 an kashe yara 20 da manya shida a makarantar firamare ta Sandy Hook da bindigar da wani reshen Remington ya ƙera, kuma a 2022 aka sasanta ƙarar da wasu iyalan mamatan suka shigar a kan dala miliyan 73. A irin wannan ƙasa, yaron da ake kira da sunan bindiga zai zauna a aji ɗaya da wanda bindiga ta mayar maraya, alhali babu wanda ya nemi shawararsa ranar da aka zaɓa masa sunan.

Mai karatu zai iya cewa mu ma muna da Saifullahi, wato takobin Allah, da Haidar da Hamza. Bambancin shi ne Saifullahi laƙabi ne da Manzon Allah (SAW) ya ba Khalid bin Walid saboda abin da ya yi a fagen daga, don haka uban da ya zaɓe shi mutum yake so ɗansa ya yi koyi da shi, mutumin da ke da tarihi da halayen da za a karanta. Mai sa wa ɗansa Ruger kuwa ya mai da shi allon tallar kamfani ne, ba tare da an biya shi ko sisi ba. Musulunci ma ya tsaya kan wannan batu tun da wuri, domin hadisin Abu Dawud ya ambaci Harbu, wato yaƙi, a cikin mafi munin sunaye, kuma Bukhari ya ruwaito cewa Annabi ya so ya canza wa kakan Sa'id bin Musayyib suna daga Hazn, wato tsanani, zuwa Sahl, wato sauƙi, mutumin ya ƙi, Sa'id ya ce tun daga nan tsanani bai rabu da gidansu ba.

Ba na goyon bayan a nemi maganin a wajen doka, kamar yadda New Zealand ke ƙin yi wa wasu sunaye rajista, domin hukumar da ta samu ikon hana sunan makami a yau za ta iya hana na addini gobe. Kunya da faɗan dangi sun fi dacewa da wannan aiki, kuma a nan tsarinmu na jiran kwana bakwai, da shawarar kakanni da liman kafin a yanka rago, yana da amfanin da ba kasafai muke yaba masa ba.

Sai dai mu ma fushin zamani ya taɓa shigar mana zanen suna. Bayan yaƙin Gulf na 1991 an raɗa wa yara da dama Saddam a Arewa, bayan harin 11 ga Satumbar 2001 kuma Usama ya yawaita a Kano. Waɗannan yara yanzu magidanta ne, suna neman aiki da biza da sunan da aka zaɓa musu cikin zafin siyasar da ba su gani ba. Usama dai zai iya cewa sunan sahabi Usama bin Zaid ya ci, ya kuma yi gaskiya, amma wanda aka raɗa wa Trigger a jihar Texas ba shi da wani magabaci da zai jingina da shi idan aka tambaye shi.