Bosch ba shi ya fara kik ba, amma filogi ne ya ɗaga shi

Na karanta wani labari a kan Robert Bosch, wanda ya kafa kamfanin kayan wutar mota na Bosch. Labarin ya yi kyau, sai dai akwai gyara inda marubucin ya ce Bosch ne ya fara kik ɗin tayar da mota. Kik na farko da ya karɓu a kasuwa na Charles Kettering ne na kamfanin Delco a Amurka, kuma a Cadillac ta 1912 ya fara fitowa. Na Bosch sai 1914.

Abin da ya ɗaga Robert Bosch, wanda ya buɗe ɗan shagonsa a Stuttgart ta Jamus a 1886, shi ne magneto (na'urar da ke samar wa filogi wuta) mai ƙarfin wuta haɗe da filogi, da injiniyansa Gottlob Honold ya ƙera a 1902. Denso ma, kamfanin Japan mai ƙera kayan mota, wanda kayansa ke cikin kusan kowace Corolla a Abuja, ya fita daga Toyota a 1949, ya kuma ƙulla yarjejeniyar fasaha da Bosch a 1953.

Tun da ana maganar wutar mota, masu kukan altaneta (na'urar da ke cajin batir) ta mutu, ku daina gaggawar sayen wata a kasuwar kayan mota ta Apo a Abuja. Sau da yawa burushin kabon guda biyu ne suka cinye, ko regileta, mai daidaita ƙarfin wuta, ta ƙone. A sa mita a kan batir: inji a kashe ya kamata ta nuna wajen volt 12.6, in yana aiki 13.8 zuwa 14.4. In ya tsaya a 12, a fara duba bel tukuna, wataƙila ya saki ne kawai. Don Allah, masu rewaya, ku bar cire kan batir inji na aiki wai gwaji. Wutar da ke tashi tana ƙona dayod ɗin cikin altaneta, wani lokaci har da kwamfutar motar.