Siminti ba ya gyara ginin ƙasa

Wani labari ya ce gwamnati za ta ware kuɗin gyaran tsoffin gine-gine irin gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, amma wa za a ba aikin? Masu cewa a shafe da siminti kawai, ku sani yana kulle laima a cikin tubali, damina biyu sai ka ji bango na amsa kuwwa, ya ɓamɓare gaba ɗaya. Daga sama ake farawa: a canza azarar da gara ta ci, a gyara indararo ya zubar da ruwa nesa da gindin bango, sannan yaɓe da makuba (wadda ake yi da ɓawon ɗorawa), da rani. Magina nawa ke cikin kwamitin da zai kula da aikin?