Tsuntsun Turai a Gindin Gawo

Ɗan ƙanwata da ke karatu a makarantar namun daji ta Garwa a Kamaru, wadda aka buɗe tun 1970, ya zo mana hutu Marwa a ƙarshen watan Maris, da madubin hangen nesa rataye a wuya. Wai yanzu ne tsuntsayen da suka yi rani a wurinmu suke tara kitse don su ƙetare Sahara su koma Turai, kuma lalle sai na gan su kafin su tashi. Na ce masa ni fa shamuwa kaɗai na sani da tafiye-tafiye. Ya ce ai ita ba ta barin Afirka, daga kudu take zuwa mana gab da damina.

Bayan asuba muka hau kilando, wato babur na haya, muka ƙetare kogin Mayo Kaliyawo, wanda a wannan lokaci yashi ne zalla, har wani makeken gandun itatuwa a bayan gari. Da isarmu na nuna ƙwarewa irin ta manya: na zaɓi darbejiya mai duhun inuwa, na shimfiɗa tabarma, na jera shayi da makala, wani irin fanke. Duk mai hankali, mutum ko tsuntsu, a zafin Marwa inuwa yake nema.

"Kawu, nan sai dai kurciya," in ji yaron. Wai darbejiya baƙuwa ce daga Indiya, ganyenta ba ya tara ƙwari sosai, su kuwa waɗannan baƙin ƙwari suke ci. Wurinsu gawo ne da aduwa da sauran masu ƙaya. Gawo da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore shar ya tara tsutsotsi, don haka shi ne gidan abincinsu. Na ce to, Allah ya shirya tsuntsun da ya bar inuwa ya zaɓi ƙaya.

Gindin gawon nan kuwa ba mu kaɗai muka san da shi ba. Shanu da awaki sun riga mu, suna tsintar 'ya'yansa da suka zubo. Na durƙusa ƙaya ta huda min gwiwa, na miƙe wata ta kama min hula. Can yaron ya damƙe hannuna yana raɗa: "Ga shi nan, tsakanin ƙafafun farar saniyar!" Na kafa madubi. Wani ɗan mitsitsi ne mai ciki ruwan ɗorawa, yana ta kaɗa jela, yana cafke ƙwarin da kofaton saniya ke tayarwa. Nauyinsa bai kai giram 30 ba, amma wai zai ratsa hamada mai faɗin sama da kilomita 1,500. Ni da zuwa Garwa a mota kan kwantar da ni.

Ina cikin kallo sai madubin ya yi duhu. Na sauke shi, sai ga makiyayi tsaye a gabana da sanda a kafaɗa. Tun ɗazu yake ganin wani dattijo a laɓe, ya auna shanunsa da na'ura, ga yaro a gefe yana rubutu a littafi. A lissafinsa, ko masu haraji ne mu, ko 'yan leƙen asirin ɓarayin shanu. Fillancina na kasuwa ne, ya iya ciniki amma bai iya kare kai ba. Duk abin da na faɗa sai ya ƙara dagula lamarin, musamman da na ce "ƙidaya muke yi".

Haka aka tasa ƙeyarmu zuwa ƙofar jauro, wato mai garin, yara na bin mu ɗuu kamar an kamo kura. Na waiga na hango wata akuya a kan tabarmata, kanta cikin ledar makala.

Jauro ya saurari bayanin yaron tsaf. Ya tambaya ko tsuntsun yana da nama. Aka ce babu. Ko yana magani? Babu. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, shi yaro ne. Kai fa?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, rakiya na yi."

Ya karɓi madubin ya jujjuya, ya ɗora a ido ta baya, aka gyara masa. Sai ya yi shiru, ya miƙe tsaye, ya yi salati da ƙarfi. Ashe jakinsa da ya ɓata tun jiya ya hango, can cikin lambun albasar wani maƙwabci, ga mai lambun kuma ya ɗaure shi a jikin mangwaro. Nan take aka manta da tamu shari'ar, aka buɗe sabuwa. Da yake da madubinmu aka gani, mu aka rubuta shaidu, kuma an ce mu dawo ranar Litinin da na'urar a hannu.