Ruwan leda da fifita ba sa tayar da zuciyar da ta tsaya

Kun dai ga bidiyon. Bawan Allah ya sandare a kujerar cire haƙori, wannan na yayyafa masa ruwan leda, wancan na yi masa fifita da fayil, likita kuma yana waya a kawo mota. Sannunku da aiki! Har wasu na cewa ajali ne. Ajali gaskiya ne, babu mai ja, amma ba shi ya riƙe hannun kowa ya hana shi danna ƙirji ba.

Duk wanda ya isa ya tsira wa mutum allura a dasashi, dole ya iya farfaɗo da shi. Dole. Kada wani ya ce mini "ai shi haƙori kawai ya karanta". Hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci a Najeriya, da ta ba likitan tiyata lasisi, ita ta ba likitan haƙori.

Mafi yawan masu faɗuwa a kujerar nan suma ce ta tsoro ko ta yunwa. Maganinta a kwantar da kujera, a ɗaga ƙafafu, cikin minti ɗaya ko biyu ya dawo. A bar shi a zaune ana jijjiga shi, jini ba zai kai ƙwaƙwalwa ba, sai ya fara fizge-fizge a ce aljanu ne. Amma in ka kira bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko sai wani shaƙuwa-shaƙuwa jefi-jefi, wannan ba suma ba ce, zuciya ce ta tsaya. Daƙiƙa 10 kake da su ka gane haka. Gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, ka danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Danna 30, hura iska 2. Kujerar haƙori tana lotsawa, ƙarfinka ya tafi a banza, saboda haka ko ka tokare ƙasan wajen kafaɗu da kujerar zaman likita, ko ku sauko da shi ƙasa. Ku riƙa canjin hannu duk minti 2. Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6. To, mai cewa "babban asibiti na kusa", a cunkoson Kano da yamma wace mota ce za ta kai shi cikin minti 4?

Sai borin jini mai tsanani, wanda amoksisilin ko safar hannu ta roba ko maganin kurkure baki na kilohezidin ke tayarwa. Leɓe ya kumbura, murya ta dishe, numfashi na fito. Maganinsa allurar adirenalin mai ƙarfin 1:1000, rabin mil, a tsokar gefen cinya ga babba, a sake bayan minti 5 in bai sassauta ba. Ba haidirokotizon ba, wanda kowa ke rugawa ya ɗauko alhali sai an ɗau sa'o'i yake aiki. Kuma kada ka ce akwai adirenalin a allurar kashe zafi: kwalbar mil 1.8 mai ƙarfin 1:80,000 ba ta wuce maikirogiram 22.5 ba, kai kuwa 500 kake nema. Ga zafin garinmu yana lalata adirenalin ɗin. Kwalbar da ruwanta ya canza launi, ta kwandon shara ce.

Mai ciwon suga da ya sha magani bai karya ba, zufa da rawar jiki, giram 15 zuwa 20 na suga in yana iya haɗiya. Mai asma, salbutamol. Mai ciwon ƙirji, asfirin miligiram 300 ya tauna. Oksijin lita 15 a minti. Duka-duka jakar magani ɗaya ce da tukunyar oksijin ɗaya, da mutum ɗaya da ke duba ranar ƙarewar aiki duk mako.

Na san za a kawo zancen tsadar na'urar AED mai ba zuciya shokin. Na ji. A Ingila ana sa ran kowane asibitin haƙori yana da ita, mu ba mu kai nan ba, kuma abin na damuna da gaske, domin duk mintin da ya wuce ba ita, damar rayuwa na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Amma nawa ake sayar da hannu biyu? Nawa ne a rufe ƙofa rabin awa a wata a yi gwaji, likita da nas da mai karɓar kati kowa ya san wa zai danna, wa zai ɗauko jaka, wa zai kira lambar gaggawa ta 112? Akwai kuɗin talabijin na bango da tayil mai ƙyalli dai.

Af, ku kuma marasa lafiya. An tambaye ku ko kuna shan wani magani kun ce a'a, ga na hawan jini a aljihu, ga kafso biyu da kuka haɗiya a kyamis tun asuba, ga jiƙon da Hajiya ta ba ku. Wai don kada a ɗaga muku ranar cirewa.