Yadda Sojojin Washington Suka Zuba Mini Ido Har Sau Tara

Ranar Asabar na leƙa gidan Yaya domin in karɓi wani saƙo, sai na tarar da yara sun cika falo sun zuba wa talabijin ido, suna buga wasan nan na Assassin's Creed III wanda kamfanin Ubisoft ya fitar a 2012. Da na ga sojoji masu shuɗɗan riguna suna fuskantar masu jajaye, sai malamin tarihin da ke cikina ya motsa, na nemi wuri na zauna ba tare da kowa ya gayyace ni ba.

Na bayyana musu cewa masu shuɗin su ne rundunar da yankuna 13 na Amurka suka kafa ranar 14 ga Yuni 1775 domin yaƙar Ingila, kuma wurin da suke ciki yaƙin Bunker Hill ne, wanda aka gwabza kwana uku kacal bayan haka. Na ƙara da cewa waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun yi wa sojojin kwalliya, domin a ranar yawancinsu manoma ne da masu sana'a cikin tufafinsu na gida, George Washington ma bai karɓi jagorancinsu ba sai farkon Yuli, kuma mafi yawan faɗan a kan tudun Breed's Hill aka yi shi. Ina cikin bayanin yadda albarushi ya ƙare musu bayan sun kashe ko raunata Turawan Ingila fiye da 1,000, sai babban ɗan Yaya ya miƙo mini abin dannawa cikin ladabi ya ce, "Baffa, tunda kun san yaƙin, ku tsallake mana filin nan."

Aikin a baki ba shi da wuya. Wanda ake sarrafawa, wato Connor, saurayin da mahaifiyarsa 'yar ƙabilar Mohawk ce, zai bar sansanin Janar Israel Putnam ya ratsa filin daga domin ya kai ga John Pitcairn, jami'in Ingila. Masu jajayen riguna sun yi sahu da bindigoginsu masu kama da adakar maharbanmu, suna harbi gaba ɗaya sannan su tsaya ɗuri, kuma a wannan ɗan tsakanin ne mutum zai ruga ya laɓe bayan dutse na gaba. Na faɗa wa yaran cewa wannan ilmi ne da na karantar shekara da shekaru, domin ƙwararren soja a wancan zamani bai cika wuce harbi uku a minti ɗaya ba.

Na danna, Connor ya fito fili ya tsaya ƙiƙam kamar mai jiran mota, aka harbe shi. A karo na biyu ya ruga, amma ya nufi inda ya fito. A na uku na isa dutsen lafiya, sai dai maimakon ya laɓe sai ya haye kansa ya miƙe tsaye, abin da ya sauƙaƙa wa Ingila aiki ƙwarai. Duk wannan lokaci sojojin da na ɓata rabin awa ina yabon jarumtarsu suna can bayan shingensu, babu ko ɗaya da ya taka ƙafa ya raka ni, Putnam kuwa da tabarsa a baki sai ka ce biki aka gayyace shi. Mutanen da na ce sun jure hunturun 1777 zuwa 1778 a sansaninsu na Valley Forge da ƙafafu babu takalmi, su ne suka kasa jure taku goma saboda ni.

Amma wanda ya fi ƙona mini rai shi ne autan maƙwabta, yaron nan da kullum ake kora gida a kira shi cin abinci ya ƙi tafiya. Bai kai shekara bakwai ba, bai yi dariya ba ko sau ɗaya, ya dai zauna kusa da ƙafata yana ƙirga mutuwata da babbar murya. "Huɗu." "Biyar." Yaron da uwarsa ta kawo mini ƙara a watan jiya cewa ba ya gane lissafi, har na ba shi fensir da littafi daga aljihuna, ga shi bai tsallake lamba ko ɗaya ba. Da na ce masa na shida bai shiga lissafi ba domin hannuna ne ya zame, sai ya dube ni ya ce, "Ai kun mutu, Baffa." Shi ba ɗan'uwana ba ne ma, ban san wanda ya ba shi izinin kira na Baffa ba.

A na tara ne matar Yaya ta leƙo daga kicin ta tambaya ko Amurka ta samu 'yancin ko da saura. Na ce mata sai 1783 aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu a Faris, ta ce to, ashe da sauran lokaci, in zo in ci tuwo. Na miƙa wa autan abin dannawar domin in nuna masa cewa gani ya fi yi sauƙi, ya tsallake filin a karon farko yana tauna rake. Daga nan aka ɗauke wuta. Saƙon da na je karɓa yana gidan har yanzu.